Shagon katin besbol da nake zuwa a Yonkers, da yanda na gano wanda ya fi yawa a kwalina

Assalamu alaikum. Ni dai asalina ɗan ƙwallon ƙafa ne, besbol kam ko dokarta ban sani ba sai da na zo Bronx a Niyok, shi ma yarona ne ya jawo min. Gidanmu ba nisa da filin ƙungiyar Yankees ɗin nan na titi na 161, ranar wasa in ka hau jirgi mai lamba 4 ko wajen tsayuwa ba ka samu, to yaron da ya tashi a nan dole abun ya shige shi. A 2022 da Aaron Judge ya buga hom ron 62 (wato dukan da ke fitar da ƙwallo ta haye katangar fili) ya karya tarihin Roger Maris na 61 wanda yake nan tun 1961, sai yaro ya tasa ni gaba wai shi katin Judge yake so, wato ɗan kwalin nan mai hoton ɗan wasa da ake tarawa. Daga siyo masa fakiti ɗaya, yau ga ni da kwalaye a ƙarƙashin gado, uwargida kullum sai ta yi mita in za ta yi shara.

Shagon da zan yi magana a kai wani ɗan ƙaramin shago ne a Yonkers, garin da ke maƙwabtaka da Bronx, wani dattijon Bature ne da shi, Baba nake ce masa. In ka shiga warin tsohon kwali ne zai fara maka maraba, hannun dama kanta ce ta gilas inda yake aje masu tsada, hagu kuma dogon tebur ne cike da dogayen fararen kwalaye, wasu duk kati ɗaya dala ɗaya, wasu goma dala ɗaya. Wlh wannan teburin shi ne shagon a wajena. Za ka iya awa biyu a tsaye kana tona ba wanda zai ce maka ci kanka, har kujera ya taɓa miƙo min da ya ga ƙafa ta gaji.

Abun da ya sa na yarda da mutumin nan shi ne ranar da na kai masa wani babban kwali mai cin kati 5,000 da na siya dala 40 wajen wasu da za su tashi daga gida suka baza kaya a ƙofa. Na ɗauko shi ina ta murna a raina ina cewa Allah ya kashe ya ba ni, don na ji labarin katin Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952 da aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022, ga kuma na Honus Wagner wanda a cikin kwalin taba sigari ake saka shi tun wajen 1909. Baba ya buɗe, ya zaro kamar guda hamsin ya baza su a tafin hannu kamar mai raba karta, ko minti biyu bai yi ba ya rufe ya ce abokina, kwalin da kansa ya kusa fin abun da ke ciki daraja. Ya ce duk na 1987 zuwa farkon shekarun 1990 ne, lokacin da Topps da Fleer da Donruss da Score suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, kowa ya siya ya ɓoye wai jari, to abun da kowa yake da shi wa zai siya a wajenka. Da ya so sai ya ba ni dala goma ya karɓe, amma ya ce in koma gida in ware su ɗan wasa ɗan wasa, in ga wa na fi da shi, daga nan zan san abun da nake tarawa.

Haka kuwa aka yi. Dare uku ni da yaro bayan isha'i a kan kafet, muka haɗa da waɗanda muke da su tun da. Ni a zatona Judge ne zai zo na ɗaya tunda don shi aka fara. Ina! Judge 34 kacal, shi ne na huɗu. Derek Jeter 47, wannan ban yi mamaki ba, mutumin da ya yi wa Yankees wasa daga 1995 har 2014 ya ci kofi biyar, duk kwalin da ka tona a Niyok sai ka ci karo da mai riga lamba 2 ɗin nan. Na biyu Don Mattingly 58, har da na Topps na 1987 mai gefe kalar katako guda tara iri ɗaya. Wannan bawan Allah tausayi yake ba ni, ya fara a 1982 shekara ɗaya bayan Yankees sun je wasan ƙarshe, ya zama gwarzon shekara a 1985, ya aje a 1995, shekarar da ta biyo baya sai suka ɗau kofi. Rabo kenan.

Na ɗaya fa? Wani wai shi Gregg Jefferies, guda 73, ni ko sunansa ban taɓa ji ba, kuma ɗan Mets ne ma, ɗaya ƙungiyar ta Niyok, a gidan masoya Yankees. Da na koma na faɗa wa Baba dariya ya yi har da buga kanta, ya ce a 1988 da 1989 ba yaron da ake zuzutawa kamarsa a garin nan, mutane ɗari ɗari suke siyan katinsa suna ɓoyewa. Ya yi wasansa daidai gwargwado amma bai zama abun da aka yi zato ba, to mai kwalin nan na farko yana cikin waɗanda suka zuba kuɗi. Yanzu ni na gaji asarar.

To bari in faɗi inda shagon ya gaza don kar a ce an biya ni. Katunan cikin gilas ba farashi a jiki, sai ka nuna sannan ya ɗauko waya ya duba nawa aka sayar a eBay ya yanka maka, ni kuma ɗan kasuwar Kwari ne a da, na fi son in ga kuɗi a rubuce in san daga inda zan fara tayi. Sabbin fakiti kuma ya fi manyan kantuna tsada, ni dama na rage siyansu don abun ya fara min kama da caca, ka biya kuɗi ba ka san me ke ciki ba, ka buɗe ka ga tarkace ka ce bari in ƙara ɗaya. Gara in biya dala uku in ɗau wanda idona ya gani. Sannan lokacin buɗewarsa sai addu'a, sau biyu ina zuwa ranar Talata in tarar da takarda a ƙofa wai yana dawowa, ga wajen fakin babu. Akwai kuma wani katin Mariano Rivera da na siya a cikin roba mai tauri, sai da na je gida na zaro na ga kusurwa ɗaya a lanƙwashe, robar ta ɓoye. Amma da na mayar bai yi musu ba ya canza min.

Kayan adana kati kam yana da su da araha, ledar saka kati ɗaya ɗaya, robar mai tauri, da shafin albam mai aljihu tara. Shi ya koya min a fara sa leda kafin roba in ba haka ba fuskar katin na gogewa. Ya kuma hana ni ɓata kuɗi wajen tura kati PSA, kamfanin da ke duba ingancin kati, a ba shi maki, ya ce daga 1 zuwa 10 suke bayarwa kuma nawa ba wanda kuɗin aikin ba zai fi ƙarfinsa ba.

Akwai Ken Griffey Jr. na kamfanin Upper Deck na 1989, kati mai lamba 1, a cikin gilas ɗin, duk zuwa sai na leƙa shi, na ce ya aje min zuwa bayan sallah. Su Jefferies kuwa na cika shafi takwas na albam da su, guda 72 cif, ɗayan da ya rage yaro ya sa a littafin lissafinsa yana alamar shafi da shi.