Igiyar kare mai naɗe kanta a dajin Ashridge

Igiyar nan ta mita 5 ta biya kuɗinta. A ƙarshen Afrilu furannin bluebell kan mamaye gindin itatuwa a dajin Ashridge na Ingila, shuɗi ko'ina, karena kuwa da ya hango kurege sai ya zabura. Ina danna maɓallin birki da babban yatsa, ya tsaya cak a bakin hanya. Na damu ƙwarai kada ya faɗa cikin furannin, domin tsiron kan ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin ya yi fure, ga shi guba ne ga kare.

Aibinta, mariƙin yana santsi in hannu ya jiƙe, laka kuma kan hana ta komawa sai an goge.