Akwatin birki na motar da ake ja: abin da na gani

Masu motar gida a nan Amurka, wato babbar motar nan mai ɗakin kwana da kicin a ciki, yawancinmu muna ɗaura ƙaramar mota a baya, don in an yada zango a samu ta shiga gari. Tawa Jeep Wrangler ce, nauyinta ya kusa tan 2. Injinta a kashe, ba kowa a ciki, duk nauyin nan birkin babbar ne ke ɗauka. Jihohi da yawa ma sun wajabta birki na daban in abin da ake ja ya kai kusan kilo 1,360.

Na sayi irin na akwati, wanda ake ajiyewa a gaban kujerar direba ta motar da ake ja. Yana da hannun ƙarfe da ake maƙala wa fedar birki, bayansa ya tokare kujera, wutarsa kuma daga soket ɗin motar. Da zarar ya ji babbar ta rage gudu, sai ya danna fedar gwargwadon yadda na taka.

A Kolorado na san darajarsa. Duk wanda ya fito daga ramin Eisenhower, wanda aka fafe a cikin dutse don motoci a hanyar I-70, ya nufi yamma ya san gangarar nan mai tsawo, wadda manyan motoci ke sauka da ƙaramin giya suna ƙaurin birki. A da, nakan ji Jeep ɗin tana turo ni daga baya kamar saniyar da ta hango ruwa. Wannan karon ƙaramin allon da ke gabana, mai nuna akwatin ya danna birki, ya kawo wuta, na ji bayan ya riƙe kansa, muka sauka lafiya lau da iyalina, alhamdu lillahi.

Akwai kuma siririyar igiyar da ke haɗa babbar da wani makunni a goshin Jeep ɗin. In ƙarfen ja ya ɓalle, Allah ya kiyaye, igiyar za ta fizge fil ɗin makunnin, motar ta ja birki da kanta. Ko don wannan kaɗai zan saya.

Amma yana da wahalarsa. Kowace tashi sai ka durƙusa ka daidaita shi, ka gyara kujera, ka tabbata an danna feda sau da yawa har iskar da ke ƙara wa birki ƙarfi ta ƙare, in ba haka ba takun farko zai iya ƙame tayoyi. Yana kuma shan batir sosai. Bayan doguwar tafiya Jeep ɗin ta ƙi tashi, sai da bakanike ya ja mini wayar caji daga babbar.

Mai canza motar da yake ja, akwatin zai yi masa. Wanda kuwa mota ɗaya yake ja kullum, ko gwiwarsa ba ta son durƙuso, gara ya ƙara kuɗi a girka masa na dindindin, kuma ya sa a haɗa wayar caji tun ranar farko.