Gettysburg ko Vicksburg: wanne za a fara karantawa?

Ɗalibai sun sha yi mini wannan tambaya kan yaƙin basasar Amurka. Duka biyun fafatawa ce tsakanin sojojin Arewacin Amurka da na Kudancinta, kuma a Yulin 1863 aka ƙare su.

Gettysburg ya fi sauƙin bi: kwana 3, fili guda, Meade, kwamandan sojojin Arewa, ya kori Lee, kwamandan sojojin Kudu, daga Arewa. Amma jini ya kwarara. Matattu, masu rauni da ɓatattu kimanin 50,000.

Vicksburg kuwa sai mai haƙuri. Kwana 47 Grant, wani kwamandan Arewa, ya yi wa garin ƙawanya, mutane suna kwana cikin ramukan da suka haƙa, suna cin naman alfadari. Da garin ya miƙa wuya, kafin wata guda ya cika kogin Mississippi ya kuɓuce wa Kudu, ƙasarsu ta rabu biyu. A ganina tasirinsa ya fi ɗorewa.

Mai son dabarun fagen daga ya fara da Gettysburg. Mai neman sanin yadda yunwa da toshe hanya ke cin yaƙi, Vicksburg.