Bindigar Landan da ta Liège: wacce ta fi daraja?

Tsofaffin bindigogin farauta masu baki biyu, na Landan da na Liège ta ƙasar Beljiyam, sukan yi kama a ido, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Gano shekarun ta Landan sau da yawa ba wuya. Misali, kamfanin Purdey mai ƙera bindigogi a Landan, da aka kafa a 1814, yana ajiye littattafan da ke ɗauke da lambar kowace bindiga da sunan wanda ya fara sayenta. Wannan tarihi, tare da aikin hannu, shi ke ɗaga farashinta.

Ta Liège kuwa sai an ciro bututun an duba ƙarƙashinsa. Idan aka ga haruffan ELG, tambarin gidan gwajin bindigogi na Liège, cikin da'ira ba kambi a sama, galibi an gwada ta kafin 1893. Mai kambi ta bayan nan ce. An ƙera bindigogin Liège da yawa don talaka, wasu ma an buga musu sunaye masu kama da na maƙeran Ingila, shi ya sa suke da araha. Duk da haka ban yarda a raina su ba, akwai masu nagarta sosai cikinsu.

Kowacce ce dai, idan tsatsa ta ci cikin bututun, darajarta ta faɗi, kuma kada a harba ta sai gwani ya duba.