Ranar da na ɗora Challenger tawa a kan daino a Houston

Wata huɗu bayan na sayi Dodge Challenger Scat Pack ƙirar 2019 daga hannun wanda ya fara hawanta, wani zargi ya hana ni sakat. Motar tana tafiya lafiya ƙalau, amma duk lokacin da na taka totur a babban titi sai in ji kamar akwai abin da take ɓoyewa, kuma da yake ban taɓa tuƙa irinta sabuwa ba, ba ni da abin da zan gwada ta da shi. Takardar kamfani ta ce injin Hemi mai silinda takwas, lita 6.4, yana ba da ƙarfin doki 485 idan ya kai juyi 6,100 a minti. Mutumin da ya sayar mini ya rantse cewa ko noti ɗaya bai taɓa kwancewa ba, har matatar iska da salansa duk na kamfani ne. Don in raba gardama da zuciyata na nemi wani gareji a arewacin Houston mai na'urar auna ƙarfin mota, wadda masu harkar ke kira daino, na biya kuɗin gwaji uku.

An ba ni ƙarfe goma na safiyar wata Asabar a watan Yuli, na je da ƙanen matata, muka tarar da motoci huɗu a gabanmu. Saurayin da ke kula da na'urar ya ce kada in kashe inji domin layin zai motsa yanzu-yanzu, kuma wannan "yanzu-yanzu" ta ci kusan awa guda, motar tana tsaye cikin ranar Texas tana dafa kanta. Da layi ya zo kanmu, ya shiga da baya har tayoyin baya suka hau wata ƙatuwar gangar ƙarfe da aka binne a ƙasa, ya ɗaure motar da igiyoyi huɗu masu kauri, ya maƙala wata 'yar waya a inji don karanta juyinsa, sannan ya kashe na'urar hana santsi, saboda kwamfutar motar ba za ta yarda tayoyin baya su yi gudun sama da mil 120 a awa alhali na gaba suna tsaye cik ba. An san nauyin gangar daidai, saboda haka na'urar tana duba saurin da tayoyin suka sa ta ƙara gudu ne, daga nan ta lissafa ƙarfin. Ya hau har giya ta huɗu, wadda a giyabos ɗin Tremec mai giya shida ita ce inda juyin da ya shiga yake daidai da wanda ya fita, ya danna totur ƙasa. Ƙarar ta cika rumfar har na ji ta a haƙarƙarina, bayan motar ya lotsa, igiyoyin suka miƙe, cikin 'yan daƙiƙu kuma aka gama.

Allon ya nuna 397.

Ban je da jahilci ba. Na san cewa 485 ɗin kamfani a bakin inji ake auna shi, kafin ƙarfin ya ratsa kuloci da giyabos da gatarin baya da tayoyi, kuma a mota irin wannan akan yi asarar kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari a hanya. Na yi lissafina tun a gida, ina sa ran wani abu tsakanin 412 da 427. Amma dawaki 88 su ɓace ke nan fa? Gabana ya faɗi, na fara tuna fuskar wanda ya sayar mini da motar da irin saurin da ya yi wajen karɓar tayina. Ƙanen matata ya matso ya ce a hankali, "Yaya, anya ba a yi maka sakiyar da ba ruwa ba?" Saurayin kuwa ko kallon motar bai sake yi ba, ya juya allon wajena ya ce haka suke zuwa, kamfani kawai cika baki yake yi, kuma idan ina son in ga lamba mai kyau sai an canja bututun salansa daga bakin inji, an buɗe kwamfutar motar an sake mata saiti. Har ya fara rubuta mini farashi a bayan rasit. Ni da na zo in tabbatar motata tana nan yadda aka ƙera ta, sai ga shi ana yi mini tallan abin da zai iya raba ni da sauran garantina, tun ba a yi gwaji na biyu ba. A wannan lokacin da za a ce in ba garejin maki, ko ɗaya ba zan bayar ba.

Ana cikin haka mai garejin ya fito daga ofis, wani dattijo Ba'amurke mai furfura, hannunsa riƙe da kofi. Bai ce da ni komai ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya janye da sauri, sannan ya dubi fankar da ke gaban motar. Sai a lokacin na lura cewa 'yar ƙaramar fanka ce, kuma an karkata ta tana hura wa saurayin iska a tagar direba maimakon lagireto. Dattijon ya sa aka kashe inji, aka buɗe bonet, ya gunguro wata ƙatuwar fanka da kansa ya saita ta a hancin motar, ya ce ba wanda zai taɓa makulli sai bayan minti ashirin. Cikin wannan jira ya nuna mini a ƙaramar na'urar hannunsa zafin iskar da injin ke shaƙa yana sauka sannu a hankali. Ya bayyana mini cewa iska mai zafi ba ta da kauri, kuma idan kwamfutar motar ta ga zafi ya yi yawa sai ta jinkirta wutar fulogi don kare injin daga ƙwanƙwasa, ƙarfi kuma ya ragu. Daino tana gyara lissafinta ne bisa yanayin iskar rumfar, ba ta da labarin iskar da ta dahu a ƙarƙashin bonet na tsawon awa guda. Ya tambaye ni irin fetur ɗin da na sha, na ce mai lamba 93, wato mai inganci sosai, ya gyaɗa kai.

Shi ya zauna a kujerar direba a gwaji na biyu, aka samu 417. Ya sake barin motar ta huce, na uku ya ba da 424, layin ƙarfin yana hawa sumul babu tangarɗa har kusa da ƙarshe. Asarar kashi 13 ke nan ko ƙasa kaɗan, daidai inda ya kamata lafiyayyen inji ya tsaya. Ban san lokacin da na yi hamdala da ƙarfi ba. Dattijon ya yi dariya ya ce in gode wa Allah motata ba ta shekarun 1960 ba ce, lokacin da kamfanoni ke auna inji tsirara a kan benci, babu matatar iska, babu salansar gaske, babu kayan da ke jan ƙarfinsa. Ya kawo misalin tsohon Hemi mai lamba 426, wanda aka sani da dawaki 425, amma a 1971 da aka rubuta ƙarfinsa da kayansa a jiki sai ya koma 350, kuma daga 1972 kowa ya koma wannan sabon awo. Na fito daga rumfar ina ganin duk jiran da na yi ya biya, har na yi niyyar in aika musu abokai biyu masu Mustang da Camaro.

Sai da na isa gida na buɗe takardar da saurayin ya buga mini, a nan raina ya sake ɓaci. Lambar da ke sama 436 ce, ba 424 da na gani da idona ba. A ƙasan takardar, cikin ƙananan haruffa, an rubuta STD maimakon SAE. Ma'aunin SAE J1349, na ƙungiyar injiniyoyin motoci, wanda kamfanonin motocin Amurka ke bi, yana mayar da lissafi kamar an yi gwajin a zafin digiri 25 na salshiyos, shi kuwa STD yana ɗaukar iska mai sanyin digiri 15 da rabi da matsi mafi yawa, don haka lambarsa takan fi ta SAE da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Ko ya yi haka ne don ya wanke laifinsa ya faranta mini, ko kuwa haka ya saba yi wa kowa, ni dai ya ba ni takardar da ba zan iya ajiye ta kusa da 485 ɗin kamfani in kwatanta ba, wanda shi ne dalilin zuwana. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu layin ƙarfin murɗawa sam. Ashe 'yar wayar da ke karanta juyin inji ta zame a gwaji na uku bai gyara ba, sai aka zana ƙarfin doki bisa gudun taya kawai. Ina son in ga inda murɗawar ta kai ƙololuwa, in gwada da fam-ƙafa 475 da kamfani ya ce tana bayarwa a juyi 4,100, in kuma ga layin ƙarfin doki da na murɗawa sun haɗu a juyi 5,252 kamar yadda lissafin ya tilasta idan an yi awon da ma'aunin Amurka. Duk wannan babu.

Na buga waya sau uku a makon da ya biyo baya ina roƙon a turo mini fayil ɗin gwaji na biyu, wanda na san yana da layukan duka, kuma duk kiran saurayin ne yake ɗauka ya ce zai turo da yamma. Yau kwana goma sha ɗaya. Dattijon ya san aikinsa ciki da waje, kuma idan sanyi ya shigo a watan Janairu zan koma in sake gwadawa, amma sai na tabbatar ta waya cewa yana nan, zan kuma kashe injina a layi ko da me aka ce mini. Abokan nan biyu ban aika su ba tukuna. Takardar tana cikin aljihun dashbod, na soke 436 da biro na rubuta 424 a gefenta.