Kasuwar Ƙoda a Paris: Saƙo Zuwa ga Kawu a Garwa

Kawu, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya kasuwa?

Kun tambaye ni ko Turawa na cin kayan ciki. Suna ci, amma ƙoda a nan ba abin gyara ba ce. Ta ɗan maraƙi ma a gidajen abinci na masu hali ake kawo ta, a soya ta sama-sama cikinta na ɗan ja, a kwarara mata miyar kirim. Ni dai jan nan bai kwanta mini ba.

Mu muna saye ne wajen mahautan halal na unguwar Château Rouge, galibinsu Larabawan Magrib. Tsabta kam sai sam barka: komai cikin gilashi mai sanyi, ba ƙuda, sikeli ya buga kuɗin a takarda. Sai dai ba tayi, ba gyara, ba "kawo na yanka maka". Sau da yawa an riga an ɓare kitsen da ke lulluɓe da ita, alhali shi ke sa ta daɗi a kan wuta wajen masu soya na gida. Yuro ɗaya kuma sefa 656 ne, in ka tsaya lissafi sai ka fasa saye. Shagunan da ke sayar da kayan ciki zalla sun ragu tun da cutar haukan shanu ta firgita mutane a 1996.

Abin da na ƙaru da shi, hannunsu wajen gyara ta. Sai a tsaga ƙodar biyu, a bi farin jijiyar nan ta tsakiya da bakin wuƙa a cire tas, domin a nan zarnin yake. A jiƙa ta a ruwan gishiri ko madara, a tsane. Daga nan ko wuta mai ƙarfi na mintoci kaɗan, ko a bar ta ta daɗe cikin romo. Tsakanin biyun ne take tauri kamar roba.

Tana da sinadarin ƙarfe da bitamin B12 sosai, shi ya sa take taimaka wa mai ƙarancin jini. Ku riƙa ware wa Inna ta rago. Amma Baffa mai fama da kumburin babban yatsan ƙafa ya rage ta, tana tayar da ciwon.

In wani zai taho, a ƙullo mini yajin ƙuli.