Kwandon shara mai alamar lantarki: kayan na da inganci, sikelin ne bai dace da sharar Sakkwato ba

Kayan da muke dubawa kashi huɗu ne: kwandon roba mai taya biyu, mai cin lita 120 ko 240, 'yar alamar lantarki da ake kira RFID, na'urar karatu da sikeli a hannun motar kwashe shara, sai rajistar da ke haɗa lambar kowane kwando da gidan da ke biyan kuɗinsa. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, don haka wannan magana ta Sakkwato ta Arewa ce da ta Kudu da Wamakko, tun kafin wani ɗan kwangila ya zo musu da talla.

Alamar ba ta da abin kushewa sosai. Faɗinta kusan milimita 30, ana cusa ta cikin wani gurbi da ke ƙarƙashin leɓen kwandon. A cikinta akwai naɗin siririyar wayar tagulla da ƙwayar da ke riƙe da lamba ɗaya. Ba batir, ba kyamara, ba GPS, kuma ba ta san abin da aka zuba ba. Sai motar ta kama leɓen kwandon, na'urar karatu ta tura mata wuta ta iska daga tazarar 'yan santimita, sannan ta faɗi lambarta. Yawancin na Turai suna aiki a kan zangon rediyo na 134.2 kHz bisa ƙa'idar Turai mai lamba EN 14803. Da yake a rufe take ruf, ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa damunta. Robar kwandon ce abin tsoro: wadda ba a haɗa ta da maganin rana ba, zafin Afrilu mai wuce digiri 40 zai busar da ita, leɓen ya tsage, alamar ta faɗi. Ƙarfe kuma yana rage ƙarfin karatu, saboda haka liƙa irin wannan alama a jikin rabin ganga aikin banza ne, sai an sayo wadda aka ƙera don ƙarfe.

Hanyar cajin kuɗin shara iri biyu ce. Ko a ƙirga sau nawa aka juye kwandonka a wata, ko a auna nauyi. A ta biyun, sikelin yana auna kwandon yana hawa cike, ya sake auna shi yana saukowa fanko, bambancin shi ne kuɗinka.

A nan muke da ja. Sharar gidan Turai takarda ce da roba da ragowar abinci. Tamu a unguwannin Sakkwato irin Mabera ko Runjin Sambo mafi nauyinta rairayin tsakar gida ne, da tokar murhu, da kashin awaki. Litar busasshen rairayi ta kai kilo ɗaya da rabi. Kashi ɗaya cikin huɗu na kwandon lita 240 idan rairayi ne, kilo 90 ke nan, alhali kayan da aka ƙera kwandon ya ɗauka bai wuce kilo 100 ba. Ƙarfen taya zai lanƙwashe, leɓe ya karye a hannun mota. Mafi muni, uwar gidan da ke dafa tuwo da itace a tsakar gida mara siminti za ta biya fiye da mai girki da gas a gida mai tayil, ko da shi ya fi ta tara leda da gwangwani. Wannan ba adalci ba ne, kuma inda abin zai ƙare a bayyane yake: za a jira dare a juye a kwata, damina ta zo ruwa ya rasa hanya.

Gidan haya mai ɗakuna goma da kwando ɗaya, wa za a caja? Maƙwabci kuma yana iya zuba nasa a naka, sai dai a sa kwaɗo, wanda ƙarin kuɗi ne. A lungunan cikin gari inda babbar mota ba ta shiga, masu baro da kura ne ke kwasa. A can na'urar karatu ta hannu ce kawai za ta yi aiki, sikeli kam babu.

Ingila ta riga ta sha wannan. A 2006 aka yi ta ce-ce-ku-ce da jaridu suka bayyana cewa an sa alamun a kwandunan jama'a ba tare da an gaya musu ba. Ƙaramar hukumar South Norfolk ta yi watsi da gwajinta a 2008 saboda na'urorin suna yawan ba da matsala. Dokar sauyin yanayi ta 2008 ta ba ƙananan hukumomi biyar damar gwada caji, ba wadda ta nema, daga baya aka soke damar. Koriya ta Kudu kuwa tun 1995 take caji bisa yawan shara, ta hanya mafi sauƙi: jakar leda ta hukuma da kake saya, ita kaɗai ake kwashewa.

Shawararmu ga ƙaramar hukumar da ke tunanin saye: ta ɗauki alamar da na'urar karatu, ta bar sikelin. Ta fara da otal-otal, gidajen abinci, makarantu masu zaman kansu da unguwanni masu faɗin titi irin Gawon Nama. A yi caji bisa juyi, da ƙayyadadden adadi a wata cikin kuɗin asali, don kada a riƙe shara ta ruɓe saboda tsoron biya. A rubuta lambar da fenti a jikin kwandon, domin ranar da alamar ta ƙi karantuwa. Mai gida ya samu saƙon waya duk ranar da aka juye, kuma a gaya wa masu unguwanni da limamai abin da alamar ke yi kafin a raba kwando ko ɗaya.

Amfanin da ya fi duka shi ne alamar tana kama mai kwasa kamar yadda take kama mai zubarwa. Ɗan kwangilar da ya ce ya zagaya Arkilla ranar Talata, rajista za ta nuna kwando nawa ya ɗaga da ƙarfe nawa. A rubuta cikin yarjejeniya cewa da wannan ƙidayar za a biya shi.